Birnin Gwari: Addu'ar da ba ta yanke ba, da bashin da sulhu bai biya ba

Tun daga ƙarshen watan Nuwamban 2024, lokacin da Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari ya sake buɗe kasuwar kara wadda ta shafe sama da shekara goma a rufe, labarin da ke fitowa daga yammacin Jihar Kaduna ya sauya. Manyan motoci sun koma lodin shanu da hatsi. Direbobin da a da sai sun tsaya jiran rakiyar sojoji kafin su kama hanyar Kaduna, yanzu suna wucewa ta Buruku da Udawa ba tare da zuciya ta tsinke kamar da ba. Manoma da dama sun koma gonakin da suka bari ciyawa ta cinye. Gwamnati na cewa wannan nasarar sulhun da ta ƙulla ce tare da ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Harkokin Tsaro, Malam Nuhu Ribadu. A masallatai ana cewa alƙunutin da aka daɗe ana yi ne Allah ya karɓa. A majami'u kuwa, mutane na tashi ranar Lahadi suna ba da shaida cewa Ubangiji ya ji kukansu.

Ba kasafai ake jin muryar wannan rukuni na ƙarshe ba idan ana maganar Birnin Gwari, domin Musulmi ne suka fi yawa a masarautar da Mai Martaba Malam Zubairu Jibril Mai Gwari II ke mulki. Amma Kiristoci na nan. Akwai Gbagyi da sauran mutanen ƙauyukan bakin daji, akwai Hausawa Kiristoci, akwai malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da aiki ya kawo daga kudancin jihar, akwai 'yan kasuwa Igbo masu shagunan magani da kayan gyaran mota. Idan mutum ya biyo titi zuwa Kaduna ta cikin Ƙaramar Hukumar Chikun, sai ya ga majami'un ECWA da Baptist da Katolika suna ƙara yawa a gefen hanya. Da Hausa yawancin mutanen ƙauyukan nan ke sujada, kuma ba yau aka fara ba, tunda Littafi Mai Tsarki ya fito cikakke da Hausa tun 1932. Allah suke kira idan sun durƙusa, kamar yadda maƙwabcinsu ke kira, kuma harsashin ɗan bindiga bai taɓa tsayawa tantance su ba.

Dalilin ɗauko batun addu'arsu a shafin jarida shi ne, yadda mutum ya fahimci addu'a yana shafar abin da zai nema a wajen hukuma, da yadda zai kalli maƙwabcinsa wanda ya yi irin addu'ar da ya yi amma nasa ɗan bai dawo ba. Yanzu da ƙura ta ɗan lafa ne ya kamata a yi wannan magana, kafin murna ta rufe ta.

Ya dace mai karatu ya tuna irin shekarun da ake magana a kansu. Birnin Gwari ƙasa ce mai faɗi, sama da murabba'in kilomita 6,000, kuma dajinta haɗe yake da na Zamfara da Katsina da Neja. Gandun Dajin Kamuku kaɗai, wanda aka mayar na ƙasa a 1999, ya haura murabba'in kilomita 1,000. A watan Maris na 2018 aka kashe sojoji 11 a Doka. A watan Mayun shekarar aka far wa Gwaska, aka kashe aƙalla mutum 45. Daga nan abin ya zama ruwan dare, ga 'yan fashin daji, ga 'yan Ansaru da suka samu wurin zama a gabashin ƙaramar hukumar, wajen Damari. Ƙungiyar ci gaban masarautar, BEPU, ta sha fitar da sanarwa tana kokawa kan harajin da ake ɗora wa manomi kafin ya shuka da kuma kafin ya kwashe amfaninsa. A ƙarshen Satumban 2021 gwamnatin Malam Nasir El-Rufai ta sa aka katse layukan waya a yankunan da abin ya fi shafa, bayan ta hana cin kasuwannin mako da sayar da fetur a jarka. Wajen wata biyu mutane na zaune babu waya, babu kasuwa. Wanda aka sace masa ɗan'uwa a lokacin, sai ya yi doguwar tafiya zuwa inda ake samun sabis kafin ya ji ko nasa na da rai.

Majami'u sun sha nasu kason kai tsaye. A ranar 31 ga Oktoban 2021 aka shiga majami'ar Emmanuel Baptist da ke Kakau Daji ana tsakiyar sujada, aka tafi da mutum sama da 60. A ranar 7 ga Mayun 2023 aka yi irin haka a majami'ar Bege Baptist da ke Madala, kusa da Buruku, aka kora kimanin mutum 40 cikin daji, wasu suka samu suka tsere. Majami'a mai suna Bege ke nan, a bakin hanyar Birnin Gwari. Kafin waɗannan kuma akwai makarantar sakandaren Bethel Baptist, a ɗaya ɓangaren na Chikun, inda aka sace ɗalibai 121 a ranar 5 ga Yulin 2021. Iyaye suka riƙa taruwa a harabar makarantar suna addu'a, wasu a durƙushe, wasu a kwance a ƙasa. Bayan mako uku aka sako rukunin farko, yara 28. Sauran suka yi ta dawowa kaɗan-kaɗan, kamar ɗigon ruwa daga rufin da ya tsage. Yaro na ƙarshe sai a Nuwamban 2023 ya dawo gida, bayan sama da shekara biyu.

A lissafa wannan da kyau. Uwar da ɗanta ke cikin 28 na farko ta yi mako uku tana roƙo. Uwar yaron ƙarshe ta yi sama da kwana 800. Makaranta ɗaya, dare ɗaya aka kwashe su, Allah ɗaya ake roƙo. Duk wanda zai yi wa mutanen yankin nan wa'azi a kan naciya cikin addu'a, sai ya fara da bayanin wannan tazara, in kuwa ba zai iya ba, to ya rage murya.

Wurin da fastoci suka fi buɗewa idan ana wannan batu shi ne Luka sura 18, inda Yesu ya ba da misalin wata gwauruwa da wani alƙali wanda ba ya tsoron Allah, ba ya kuma ganin kowa da gashi. Matar ta yi ta zuwa tana neman a bi mata hakkinta a kan wanda ya zalunce ta, alƙalin na share ta, har dai ya gaji da sintirinta ya yi mata shari'a don ya huta. Sau da yawa ana karanta labarin kamar dabara ce aka koyar: ka dame shi, zai ba ka. Wannan fahimta tana mayar da Allah alƙalin banza wanda sai an ishe shi yake motsi, alhali misalin kishiyar haka yake nufi, wato idan azzalumi ma yakan sauko, ina ga mai adalci. Akwai kuma abin da ake yawan tsallakewa. Matar nan ba dukiya ta je roƙo ba, ba kuma miji ko ɗaukaka ba. Ƙara ta kai. Wani ya cuce ta, tana son a tsaya mata. Idan akwai mutanen da labarin ya yi daidai da su a Najeriyar yau, to matan da aka kashe wa maza a gona tsakanin Randagi da Dogon Dawa ne, Kiristocinsu da Musulminsu.

Amma a ganina, surar da ta fi dacewa a karanta a majami'un hanyar Birnin Gwari ita ce ta 12 a Ayyukan Manzanni. A can an ba da labarin yadda Sarki Hirudus ya kama Yakubu ɗan'uwan Yohanna ya kashe shi da takobi, da ya ga abin ya yi wa wasu daɗi sai ya kama Bitrus ma ya kulle. Ikilisiya ta taru a gidan Maryamu uwar Yohanna Markus tana addu'a da dare. Bitrus ya fito daga kurkuku ta hanyar da shi kansa ya zaci mafarki yake yi, ya zo ya ƙwanƙwasa ƙofa. Wata yarinya mai aiki a gidan, Roda, ta gane muryarsa, murna ta sa ta manta ba ta buɗe ba, ta koma ciki da gudu ta faɗa. Masu addu'ar suka ce mata ta zautu. Mutanen da suka kwana suna roƙon a sako shi, su ne suka ƙi yarda an sako shi.

Abu biyu ke cikin labarin nan waɗanda ba a cika jin su a bakin masu wa'azin nasara ba. Na ɗaya, bangaskiyar masu addu'ar ba ta kai yadda ake zato ba, amma duk da haka Bitrus ya dawo. Na biyu, Yakubu bai dawo ba, kuma babu inda aka ce ikilisiya ta yi sakaci da addu'a dominsa. Manzo ne kamar Bitrus, yana cikin ukun da suka fi kusa da Yesu. Littafin bai ba da dalili ba, ya faɗi abin da ya faru ya wuce. Haka shi ma Bulus ya rubuta wa Korintiyawa cewa sau uku ya roƙi a cire masa wata ƙaya da ke damunsa a jiki, ba a cire ba. Yesu da kansa sau uku ya yi roƙo a Getsamani, da gari ya waye kuma aka kai shi gaban Bilatus.

Na tsaya a kan wannan ne domin akwai wata koyarwa da ta yaɗu, wadda ta fi ƙarfi a birane amma wayar hannu ta kai ta har ƙauye, mai cewa duk addu'ar da ba a amsa ba laifin mai roƙon ne: ko bangaskiyarsa ta yi kaɗan, ko akwai zunubin da ya ɓoye, ko bai "shuka iri" ba, wato bai ba mai wa'azi kuɗi ba. A wurin da ake zaman lafiya, wannan koyarwa aljihu kawai take taɓawa. A wurin da ake sace mutane, rai take ci. Matar da aka kashe mijinta bayan an kai kuɗin fansa, idan aka sa mata a rai cewa da ta ƙara azumin kwana uku da ya dawo, an ɗora mata gawar da ba ita ta kashe ba. Wanda ya harbe shi na nan a daji, ko ma yana cin kasuwa yanzu. Mai wa'azin da zai karɓi kuɗin "iri" daga hannun iyalin da ke tara fansa kuwa, ban ga abin da ya raba shi da masu karɓar harajin gona ba, sai dai shi bai rataya bindiga ba. Shugabannin ƙungiyar CAN da na ɗariku sun san da irin waɗannan, kuma tsawatar musu a fili ba zai rage wa addini komai ba.

Adalci dai a faɗa, fastocin ƙauyukan yankin ba su ne masu wannan sana'a ba. Yawancinsu manoma ne kamar membobinsu, ɗan abin da ake ba su a wata ba ya kai su ko'ina, kuma su kansu 'yan bindiga na nemansu domin sun san ikilisiya za ta tara kuɗi a kan fasto. Wanda ya zauna da garkensa a irin wannan wuri alhali yana da hanyar komawa Kaduna, ya riga ya yi wa'azin naciya tun kafin ya hau bagade.

Sai batun tanadin Allah, wanda shi ne rabin maganar. Kirista na koyon Addu'ar Ubangiji tun yana yaro, kuma abincin da ake roƙo a cikinta na yini ɗaya ne. A Littafin Fitowa ma, manna da aka ba Isra'ilawa a jeji ta yini guda ce, wanda ya ɓoye ta kwana sai ya tarar ta yi tsutsa, in ban da jajibirin Asabar. Manomin Birnin Gwari bai saba rayuwar yini-yini ba. Mutum ne mai rumbu, mai lissafin shekara, wanda masararsa da dawarsa da waken suyarsa ke ciyar da garuruwa masu nisa. Rashin tsaro ne ya mayar da shi mai awo da mudu, wani ma ya koma ɗan gudun hijira a ɗakin haya a bayan garin Kaduna, yana ɗaukar bulo ko yana acaɓa da babur ɗin wani. Sai ga cire tallafin fetur a Mayun 2023, sai ga hauhawar farashin abinci da ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024. A wajen irin wannan mutum, roƙon abincin yini ya daina zama haddar makarantar Lahadi.

To ta ina tanadin ya riƙa zuwa? Duk wanda ya san yadda ikilisiyar ƙauye ke tafiya ya san amsar. Ta kwanon baiko na musamman da ake zagayawa da shi bayan an gama na kullum. Ta Zumuntar Mata, waɗanda kowace ke zuwa da mudun hatsi ko ɗan manja, su haɗa su kai gidan da aka yi rashi. Ta ɗan'uwa da ke gadi a Abuja ko Legas wanda ya turo rabin albashinsa. Ta mai shago da ya ci gaba da rubuta bashi a littafi yana sane da cewa ba lallai a biya ba. A ƙauyen da kowa ya san kowa kuma, karo-karon fansa ba ya tambayar addinin mai jefa kuɗi, domin wanda ya ba da yau ya san gobe kwanon na iya tsayawa a ƙofarsa. Wannan bai saɓa wa abin da ke cikin Littafi ba. Lokacin fari, gidan wata gwauruwa a Zarefat aka tura Annabi Iliya, matar da ɗan garin da ya rage mata bai wuce na tuwo ɗaya ba. Da aka yi yunwa a zamanin Kalaudiyas, masu bi na Antakiya ne suka tara gudummawa, kowa gwargwadon ƙarfinsa, suka aika wa 'yan'uwansu na Yahudiya ta hannun Barnaba da Shawulu. Wasiƙar Yakubu ma ta yi tir da wanda zai ga ɗan'uwa ba tufa ba abinci ya sallame shi da fatan alheri kawai.

Akwai wani abu mai ɗaci a labarin Bethel da ya kamata a riƙa tunawa. Abin da masu garkuwar suka fara nema kayan abinci ne, shinkafa da wake da manja, wai don su ciyar da yaran. Iyayen da ke roƙon Allah ya ciyar da 'ya'yansu a daji, su ne aka ce su auno abincin, kuma sun san ba yaran kaɗai za su ci ba. Gwamnatin jiha a lokacin ta tsaya kan cewa ba za ta biya fansa ba. A Afrilun 2022 Majalisar Dattawa ta amince da gyaran dokar da ya tanadi ɗaurin aƙalla shekara 15 ga wanda ya biya kuɗin fansa. Mai ɗa a daji dai bai tsaya karanta doka ba. Ya sayar da gona, ya sayar da shanun huɗa, ya jinginar da fili, ya ci bashi da ruwa.

Nan ne gizo ke saƙa. Idan wanda aka sace ya dawo, ana yin sujadar godiya, a yi waƙa, a yi rawa, a ba da shaida cewa Allah ya yi tanadi. Gaskiya ne ya yi, kuma babu mai ikon hana uwa rawa ranar da ɗanta ya dawo. Sai dai washegari gonar nan ta zama ta wani, mai bashi kuma zai zo. Wanda ya dawo ɗin ma sau da yawa ba shi ne ya tafi ba: ba ya barci, ƙarar babur na firgita shi, matan da aka ci zarafinsu na zaune da abin da ba za su iya faɗa a gaban ikilisiya ba. Shaidar da ake bayarwa a majami'a takan ƙare a ranar dawowa. Wahalar kuwa a ranar take sake sabon salo, kuma a lokacin ne masu zuwa gaisuwa ke ɗaukewa.

Saboda haka naciyar da ake buƙata yanzu ta fi ta lokacin tashin hankali wuya, domin babu labarin da zai tayar da hankalin jama'a su taru. Ya kamata kowace gunduma ta ikilisiya a yankin ta san adadin gidajen da suka sayar da gona saboda fansa, da marayun da suka bar makaranta, da matan da aka bari da yara, ta rubuta su a littafi. Wasu na ganin rubutu da lissafi kamar rashin dogara ga Allah ne. Masu wa'azi na son kawo labarin George Müller, mutumin da ya riƙe marayu sama da 10,000 a Bristol ta Ingila kafin rasuwarsa a 1898, wanda aka sani da cewa ba ya roƙon kowa kuɗi sai dai ya yi addu'a. Abin da ba su cika ƙarawa ba shi ne, mutumin nan yana rubuta duk abin da ya shigo da abin da ya fita, yana kuma buga rahoto jama'a su gani. Dogararsa ga Allah ba ta hana shi riƙe alƙalami ba, kuma amanar da mutane suka gani a lissafinsa na cikin abin da ya sa hannu bai daina miƙowa ba.

Haka nan batun tsaro. Nehemiya, da yake sake gina garun Urushalima maƙiya na barazana, addu'a ya yi ya kuma sa masu gadi dare da rana. Bahaushe ya taƙaita wannan da cewa Allah ya ce tashi in taimake ka, Musulmi kuma ya san umarnin ɗaure raƙumi kafin tawakkali. Majami'ar da ke bakin daji ta duba lokacin da take taro, ta san wanda zai tsaya a waje yana lura, ta riƙe zumunci da mai unguwa da limamin garin, domin labarin motsin baƙin fuska ta wajensu yakan fara fitowa. Kwanan addu'a a wurin da babu tsaro ba gwajin bangaskiya ba ne da wani zai ɗora wa mata da yara.

Wani hanzari ba gudu ba, akwai masu amfana da haƙurin masu addu'a, kuma ba a daji kaɗai suke ba. Shekara da shekaru, duk lokacin da aka yi kisa, abin da talaka ke ji daga bakin masu mulki shi ne a ci gaba da addu'a. Kiran ba laifi ba ne a kan kansa. Laifin shi ne ya fito daga wanda aka damƙa wa kasafin tsaro, sannan ya tsaya a nan. Gwauruwar Luka 18 ba gida ta koma ta rufe ƙofa tana jira ba, gaban alƙali ta riƙa komawa. Rabaran John Joseph Hayab, wanda ya shugabanci CAN a Jihar Kaduna a shekarun nan, ya sha suka daga ɓangaren gwamnati saboda yawan fitowa yana magana kan sace-sacen. Ko mutum ya yarda da salonsa ko bai yarda ba, abin da ya yi na cikin ma'anar naciya. BEPU ma haka ta yi ta nata ɓangaren, takarda bayan takarda, lokacin da ba mai son ji.

Sulhun da aka yi ya kawo sauƙi, wannan babu musu, kuma mutumin da ya kwana a gidansa ba tare da takalmi a ƙafa ba ya fi kowa sanin darajarsa. Gwamna Uba Sani ya sha nanata cewa ba a ba 'yan bindigar ko kwabo ba. Amma mutanen da za su zauna da sakamakon yarjejeniyar suna da hakkin a karanta musu sharuɗɗanta dalla-dalla: makaman da ke hannun waɗanda aka ce sun tuba ina za su, wa zai hukunta wanda ya karya alkawari, gonakin da aka mamaye yaushe za a bar wa masu su, me aka tanadar wa wanda aka kashe wa uba. An ga yadda irin wannan sulhu ya rushe a Zamfara da Katsina a shekarun baya. An kuma ga cewa ɗaliban Kuriga, a kan wannan hanya dai, a ranar 7 ga Maris na 2024 aka kwashe su, wata takwas kacal kafin bikin buɗe kasuwa, kuma a Zamfara aka karɓo 137 ɗin da suka dawo. Dajin bai san iyakar jiha ba.

Ana yawan gaya wa Kiristocin yankin cewa addininsu ya ce su yafe. Haka ne, kuma da yawansu na kokawa da zuciyarsu a kan wannan fiye da yadda mai ba da shawarar ke zato, musamman idan suka haɗu a kasuwa da fuskar da suka sani a daji. Sai dai yafiyar mutum ɗaya tsakaninsa da Allahnsa ba ta sauke wa hukuma nauyin biyan diyya, ko gyara makarantu da asibitocin da aka bari suka lalace, ko kammala gyaran titin Kaduna zuwa Birnin Gwari wanda ramukansa suka daɗe suna taimakon masu tare hanya. Idan CAN da Jama'atu Nasril Islam na yankin suka haɗa jerin sunayen gwauraye da marayu guda ɗaya, ba na coci daban na masallaci daban ba, suka kai gidan Sir Kashim Ibrahim tare, suka kuma koma bayan wata uku su tambayi inda aka kwana, zai yi wuya a sallame su da kiran a ci gaba da addu'a.

Manomin da ya koma gona ma bai gama fita ba. A 2025 farashin masara ya faɗi warwas, na taki kuwa bai sauko ba, wanda ya ci bashi ya yi noma sai ya tarar buhunan da ya samu ba za su rufe ramin ba. Ga wanda ya fara daga babu, ba shanu, ba iri, wannan kaɗai ya isa ya mayar da shi birni. Lokacin Godiyar Kaka, majami'u kan cika da buhunan masara da dawa da kaji da doya, a yi gwanjonsu a zuba kuɗin a ginin coci ko gidan fasto. A majami'un Birnin Gwari da na hanyar Buruku, dattawan ikilisiya na iya yanke shawarar cewa na 'yan shekarun nan rufin kwano ya jira. A ware kaso a ajiye a matsayin iri don rabawa a farkon damina, a ware wani a fanso gona ɗaya ko biyu daga hannun masu jingina, a fara da gidajen da suka biya fansa amma gawa ma ba a ba su ba. Manyan majami'un Kaduna da Abuja, waɗanda baikonsu na Lahadi ɗaya ya fi na shekarar ikilisiyar ƙauye, kowace na iya ɗaukar ƙauye guda ta tsaya masa har damina uku, ta kuma turo wanda zai zo ya duba littafin lissafi a ƙarshen kowace kaka.